Da Hannun Yayansa

Ni dai tun ranar da Babba ya shigo gida da rigar nan mai ƙyalli gabana ya faɗi. Ya tsaya a tsakiyar falo yana jujjuyawa kamar wanda aka yi wa ɗinkin aure, wai mu gani, an ɗauke shi cikin masu tsare hanya saboda dokar kulle. A hannunsa akwai guntun tiyon ruwa, baƙi, mai kauri, an naɗe gindinsa da tsumma don ya yi daɗin riƙo. Na ce masa wannan kuma fa, shuka za ku riƙa ba ruwa?

Ya yi dariya ya ce, "Masu kunnen ƙashi za mu riƙa ba, Umma."

Babba shi ne ɗana na fari. Kafin annobar dako yake yi a babbar kasuwa, buhun da mutum biyu ke nishi a kansa shi kaɗai yake saɓa shi yana hira. Da aka rufe kasuwar ya dawo gida ya zauna, ƙarfin nan nasa ya rasa inda zai je. Marfin banɗaki ya ɓalle mana da ja kawai. In ya yi miƙa sai ka ji kujera na kuka. Ɗaki biyu da falo gare mu a saman bene na gidan haya, mu biyar: ni, shi, matarsa, 'yarsu mai rarrafe, sai Auta. Ubansu ya daɗe da rasuwa. Kowa ya gaji da ganin fuskar kowa, har tarin mutum ya zama laifi. Don haka da aikin ya samu surukata ta yi murna, ba don komai ba sai don falon ya samu iska. Ni ce kawai na ƙi yin murna, aka ce tsufa ne.

Auta kuwa da sikila na haife shi. Ya ba shekara ashirin baya amma in ka gan shi sai ka ce iska za ta ɗauke shi, dogo siriri, idonsa kullum da ɗan ruwan ɗorawa, bakinsa kuma ba ya mutuwa. Gyaran waya yake yi a kan wani ƙaramin tebur bakin tagar falo, da ɗan tocilan a goshi da hantsaki a hannu. Rayuwata kaf a tsaron jikin yaron nan na ƙarar da ita. Na tsare shi daga sanyi, na tsare shi daga ƙishirwa, na tsare shi daga hannun mutane. Malamin da ya taɓa ɗaga masa bulala a firamare har yau in ya hango ni tsallaka titi yake yi. Abin da ke zama ɗan kumburi a jikin wani, a jikin Auta gadon asibiti ne, da ƙarin ruwa da ƙarin jini da ihun da ke tsinka hanjin uwa. Babba ya san wannan fiye da kowa, don shi ke goya shi in ciwon ya tashi. Suna yara wani ya ture Auta a layin famfo, Babba ya cire wa yaron haƙori, ni na je ba da haƙuri ina murna a ciki.

Aikin tsare hanya bai yi nisa ba na fara ganin canji. Babba yakan dawo da yamma yana warin rana, ya rataye tiyon a bayan ƙofa, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kamar mutumin kirki, sannan ya zauna cin abinci ya fara ba mu labari. Yau sun sa wani mai babur birgima a kwata. Yau wani tela ya yi fitsari a wando tun kafin a taɓa shi. Yana faɗa yana dariya, shinkafa na faɗowa daga bakinsa. Na ce masa mutanen nan yunwa ce ta fito da su, ba yawon shan iska ba. Ya ce ni ban san komai ba, cutar nan kisa take yi, su rayuka suke cetowa. Na ce to Allah ya raba mu da irin wannan ceto.

Shugabansu wani ne da suke kira Mai Usur, saboda usur ba ya barin bakinsa. Ni ban taɓa jin yaro ya ambaci ubansa yadda Babba ke ambaton mutumin nan ba. Mai Usur ya ce kaza, Mai Usur ya hana kaza. Shi ke karɓe wayoyinsu da safe ya zuba a jaka, don kada wani ya kira a yi masa alfarma. Shi ne kuma ya kafa musu dokar da Babba ya faɗa mana wata rana yana ɗaga kafaɗa, kamar abin alfahari.

Ya ce, "In aka kama ɗan gidanku, kai za a miƙa wa tiyo. Kai za ka dake shi da hannunka, don kada 'yan unguwa su ce muna zaɓe. Jiya wani a cikinmu kawunsa ya zane, kawun da ya riƙe shi."

Auta ya ɗago daga kan teburinsa ya ce, "To Yaya, in na faɗo hannunka ai sai a yi mini ragi, tunda tsohon kwastoma ne."

Babba ya daina tauna. Ya ce, "Kada ka kuskura. Ko ƙofar gida kada in ji ka leƙa. Da gaske nake."

Auta ya ce, "Ka ji shi. An ba shi riga ya zama gwamnati."

Duk aka yi dariya, ban da ni da Babba.

Ranar da abin ya faru jikata ce ta tashi da zazzaɓi. Kafin azahar jikinta ya yi zafin da ba ka iya barin hannu a kai, ta daina kuka ma, sai wani numfashi sama-sama. Muka duba kwalbar maganinta, ta ƙare, har an ɗauraye ta da ruwa an ba ta. Surukata ta kira mijinta har ta gaji, wayar na can cikin jakar Mai Usur. Ta zauna a ƙasa da yarinyar a cinya tana kuka tana cewa Umma ya zan yi. Na ce ni zan je kemis, in sun isa su daki tsohuwa. Na shiga banɗaki in kintsa. Fitowar da zan yi na ga teburin Auta ba kowa, tocilan ɗinsa a ajiye yana ci, takalminsa babu a bakin ƙofa.

Na ɗaura takunkumi na bi shi. Gwiwoyina sun daɗe da yi mini tawaye, matakalar benen nan da baya-baya nake saukarta ina riƙe da bango. Titi kuwa wayam, ba mota ba mutum, shaguna a garƙame, sai wata akuya a kwance a tsakiyar kwalta abinta. Tun daga nesa na ji usur.

A mararrabar da ke gaban kemis suka yi shingensu, da tsofaffin tayoyi da dogon benci. Mutum uku na durƙushe a rana hannuwa a sama. Abin da ya faru kafin in iso daga baya na ji shi. Auta ya zagaya ta lungu ya sayi maganin, a dawowa ne ya faɗa musu. Ya nuna kwalbar, Mai Usur ya ce yanzu kowane ɗan iska da kwalba yake yawo. Sai wani a cikinsu ya gane shi duk da takunkumi, ya nuna Babba ya ce ai ƙanin wannan ne.

Babba ya gaya mini cewa ya roƙa. Ya ce yaron na da sikila, a dake shi shi a madadinsa. Mai Usur ya ce duk wanda ya zo nan da ciwonsa yake zuwa. Ya ce ko dai Babba ya karɓi tiyo, ko ya tuɓe rigar ya tafi, a ba wani ya yi aikin. Wanin kuwa da ke tsaye yana murza hannu ƙato ne da ko 'yan'uwansa tsoronsa suke ji. Sai Babba ya yi dabara irin ta wawa mai son ɗan'uwansa. Ya ce a ransa gara hannuna, ni na san inda zan taɓa, zan yi a hankali a gama.

Lokacin da na iso kusa, Auta na kife a kan bencin. Ya ajiye kwalbar maganin a gefen titi, a tsaye, nesa da ƙafafun mutane don kada a taka. Bulala goma ce ƙa'idarsu. Babba na ɗaga hannu sama sosai kamar da gaske, ya sauke a hankali, tiyon ya yi ƙara a kan riga ba tare da ya shiga ba. Sun kusa kaiwa ƙarshe Mai Usur ya busa usur.

Ya ce, "Ƙura kake kaɗe masa? Koma farko."

Na ƙwalla ihu na ce ku bar mini yaro, ba shi da lafiya. Biyu daga cikinsu suka tare ni, ɗaya ya riƙe mini hannu ta baya. Babba ya juyo ya gan ni. Da bai gan ni ba wataƙila da ya fi, don daga nan ya rikice. Ya sake farawa, ya ɗan ƙara ƙarfi, Auta ya fara ƙanƙame bencin. Suka yi nisa, usur ya sake tashi.

"Ni za ka raina wa hankali? Jiya da ka zane mai lemo haka ka yi? Koma farko."

A nan na gane abin da Babba bai gane ba. Duk bulalar da ya sassauta ba ta cikin lissafi, amma tana kan jikin Auta. Tausayin nasa ƙara wa yaron duka yake yi. Na ce Babba jefar da shi, jefar da tiyon nan, uban waye ya haife ka da riga! Wanda ya riƙe ni ya toshe mini baki ta kan takunkumi, na gantsara masa cizo har na ji gishirin jininsa. Ya kwaɗa mini mari, ɗankwalina ya faɗi. Ban ji zafi ba.

Sai na ji muryar Auta, ƙasa-ƙasa, daga kan bencin. "Yaya, yi kawai a gama. Yarinyar na jira."

Ban san me ya shiga kan ɗana ba. Haushin Mai Usur ne, ko kunyar idona, ko tsoron a sake cewa koma farko. Ya kalli Mai Usur, idonsa ya kaɗa ya yi ja, sannan ya sauke hannun nan na dako a bayan ƙaninsa. Ƙarar daban ce. Ban taɓa jin irinta ba, kuma har yau ina jin ta in an bugi katifa. Ta farko Auta ya gantsare. Ta biyu rigar ta yage. Babba na duka yana ihu kamar shi ake duka, Mai Usur na ƙirgawa da ƙarfi yana gyaɗa kai. Mutanen da ke durƙushe suka sunkuyar da kai. A saman benaye labule na motsi, ba wanda ya fito. Auta bai yi kuka ba, numfashinsa ne kawai ke fita da wani sauti a kowace saukar tiyo, har ya daina fita da sautin ma.

Da aka gama suka sake ni. Auta ya zamo daga bencin ya durƙusa, ya daɗe a haka. Sannan ya rarrafa ya ɗauki kwalbar ya duba ko ta fashe. Babba ya zo zai ɗaga shi, ya ce, "Kada ka taɓa ni, Yaya. Ba fushi ba ne, ciwo." Mai Usur ya busa usur ya ce kowa ya koma bakin aiki. Na tsaya ina kallon Babba in ga abin da zai yi. Ya kalle ni, ya kalli mutumin, ya koma bakin shinge. Wallahi a wannan lokacin na tsani ɗan da na haifa, tsana ta gaske.

Ni da Auta muka jingina da juna muka dawo, gurgu na jan gurgu. A gida sai da na jiƙa rigar da ruwan ɗumi kafin ta rabu da bayansa. Surukata ta ba yarinyar magani tana kuka tana neman gafarar Auta, shi kuma yana ce mata ta daina, ai ya samu labarin da zai ba jikoki. Na ɗura masa ruwa, na ba shi maganinsa, na gasa masa gaɓoɓi. Babba ya dawo da yamma ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki, ban ɗaga kai ba, shi ma bai shigo ba.

Washegari yarinyar ta tashi garau tana jan labule. Auta kuwa ciwon ya sauka a ƙirjinsa. Zazzaɓi ya rufe shi, leɓensa ya canza launi, yana jan numfashi kamar mai zuƙar ruwa ta tsinke. Babba bai tambayi kowa ba, ya saka rigar mai ƙyalli, ya goya shi ya sauka da shi. Rigar ce ta buɗe musu kowane shinge har asibiti. Ni na biyo su a baya a hankali, mutanen shinge na matsa mini hanya suna cewa maman abokin aikinmu ce.

A ƙofar asibiti wasu da aka naɗe cikin farar leda tun daga kai har ƙafa suka ɗora masa na'ura a goshi. Suka ji zazzaɓi, suka ga numfashi, suka ce alamun cutar ne, ɓangaren killacewa za a kai shi. Na ce sikila ce, na san ciwon ɗana, ku bar ni in shiga in gaya wa likita. Suka ce ba mai shiga. Tunda na haife shi bai taɓa kwana a asibiti babu ni a gefensa ba. Aka tura shi a keke, ya ɗago hannu bai juyo ba. Mu kuma aka karɓi lambar wayata, aka ce mu koma gida kada wanda ya fita sai an neme mu. Abin dariya, cikin yaran Mai Usur aka turo wani ya zauna a gindin matakalarmu yana gadin mu.

Haka aka kulle ni da Babba a ɗaki biyu da falo. Ba inda zan juya ban gan shi ba. Ya daina cin abinci, ya daina magana, sai ya zauna a ƙasa ya jingina da bango, ƙaton banza, yana kallon hannuwansa. Wayata na kan cinyata ko banɗaki zan shiga. In na kira asibiti a ce ana ƙoƙari.

Wata safiya na je rufe ƙofa na ga tiyon a rataye a inda yake rataye shi. Ban san lokacin da na fizgo shi ba. Babba ya gan ni, ya tuɓe rigarsa da kansa, ya durƙusa ya ba ni baya. Na dake shi. Na dake shi da duk ƙarfin da tsufa ya rage mini, a baya, a wuya, a kai, ina cewa haka ka yi masa, haka ka yi masa? Bai kare ba, bai motsa ba. Fatarsa ta fashe a kafaɗa. Yarinyar ta tsala ihu, surukata ta rungume ni ta baya tana cewa Umma don Allah, Umma za ki kashe shi. Tiyon ya faɗi don hannuna ya mutu, ba don na huce ba. Ban ji sanyi ko kaɗan ba, kuma Auta bai samu sauƙin numfashi ko ɗaya ba saboda wannan.

Da hantsi wayar ta yi ƙara. Hannuna ya ƙi riƙe ta, surukata ta danna ta buɗe murya kowa na ji. Likita ce, mace, muryarta a gajiye. Ta tambaya ko ni ce mahaifiyarsa. Daga yadda ta yi tambayar na sani. Ta ce sun yi iya ƙoƙarinsu, ƙirjin ne ya toshe. Ta ce gwajin cutar bai fito ba tukuna, don haka su za su yi masa sutura, ba za a ba mu shi ba.

Na ce to. Ban san me ya sa na ce to ba.

Sannan ta ce, "Mama, ki yi haƙuri, akwai abin da dole in tambaye ki. Na ga bayansa. Wannan ba ciwo ba ne ya yi shi, duka ne, kuma shi ya tayar masa da ciwon. Na tambaye shi ya ƙi faɗa. In kin san wanda ya yi, ki gaya mini, zan kai maganar inda ya kamata a bi masa kadi."

Babba ya taso da gwiwoyinsa ya matso gabana, jini na bin kafaɗarsa. Yana dukan ƙirjinsa da yatsa, bakinsa na motsi ba sauti: ni ne, faɗa mata, ni ne. So yake a zo a tafi da shi, na gani a idonsa, roƙona yake yi. A bayansa matarsa na tsaye da yarinyar a kafaɗa, ta kafe ni da ido ko ƙiftawa ba ta yi.

Likitar ta ce, "Mama, kina ji na?"

Na ce, "Ina ji. Da takunkumi a fuskarsa, likita. Ban san shi ba."

Na kashe wayar da kaina. Babba ya kifa goshinsa a ƙasa ya saki wani kuka irin na dabba, yana cewa Umma me ya sa, me ya sa. Na ce masa kada ya ɗauka yafe masa na yi. Ɗaya aka karɓe mini yau, ba zan miƙa na biyun da hannuna ba, shi ke nan. Na ce ya tashi daga gabana ya je matarsa ta wanke masa ciwon.

An daɗe da buɗe gari yanzu, ya koma dakonsa a kasuwa. Har yau gida ɗaya muke. Yana durƙusawa ya gaishe ni da safe, ina amsawa. Waɗanda ba su samu zuwa gaisuwa ba a lokacin suna tare ni a hanya su ce annobar nan ta yi mana ɓarna, yaro mai hankali. Sai in ce musu ƙwarai kuwa, ta yi.